Sannu da Aiki, ko An Yaudare Ku?

A watan Maris na 2025 kamfanin Netflix ya saki wani wasan kwaikwayo na Koriya ta Kudu mai kashi 16, huɗu-huɗu kowace Juma'a har mako huɗu. Sunan da aka tallata shi da shi a kasuwar duniya shi ne When Life Gives You Tangerines. Rubutun Lim Sang-choon ne, Kim Won-seok ya ba da umarni, mawaƙiya IU da Park Bo-gum suka ja ragamar 'yan wasa. Labarin iyali guda ne a tsibirin Jeju, daga wajen 1960 har zuwa zamanin wayar hannu: uwa, da 'yarta, da jikarta. Babu sarauta a ciki, babu ɗan sanda mai farautar makashi, ɗan masu kuɗin da ya shigo neman aure ma bai samu matar ba. Duk da haka ba a yi wata biyu da ƙarewarsa ba ya karɓi kambun wasan kwaikwayo mafi kyau a bikin Baeksang, kuma abin da aka fi ambatonsa da shi, daga Seoul har ƙasashen da ba su san inda Jeju take a taswira ba, shi ne kuka. Mutane suka riƙa ba da labarin yadda idanunsu suka kumbura, da yadda suka ɗauki waya suka kira iyayensu.

Asalin sunan wasan, Pokssak Sogatsuda, da yaren mutanen Jeju yake, kuma ma'anarsa ta yi kusa ƙwarai da gaisuwar Bahaushe ta “sannu da aiki”, ko ma “sannu da wahala”. Amma mutumin Seoul da bai san yaren tsibirin ba, abin da kunnensa zai ɗauka daga waɗannan kalmomi shi ne “an yaudare ni sarai”. Masu yabon wasan sun rungumi ma'anar farko sun yi biris da ta biyu. Suka mai da shi wa'azin sadaukarwa: a dubi iyayen da, a dubi haƙurin matan da, ga abin da 'ya'yan zamani suka rasa. Wannan fassara ta fi kowace daɗin ji, kuma kuskure ce. Ta saɓa wa abin da labarin ya nuna da idonsa, ta kuma rufe wata tambaya da Koriya ta Kudu ba ta amsa ba har yau: wa zai biya waɗanda aka ce wa sannu?

A fara da labarin. Uwar farko, Gwang-rye, tana cikin matan Jeju masu nutso da ake kira haenyeo, waɗanda ke shiga ƙarƙashin teku har zurfin kusan mita goma ba tare da tukunyar iska ba, su riƙe numfashi, su ɓamɓaro wata katantanwar teku mai tsada daga jikin duwatsu. Sana'ar ta ci huhunta, ta rasu tana da shekara 29. Ba ta taɓa kallon aikinta a matsayin abin gado ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne kada 'yarta Ae-sun ta shiga ruwan nan. Ta bar yarinyar a gidan dangin ubanta da ya rasu don ta yi karatu, da ta gano ana raba kifi ana tsallake marainiyar, sai ta je ta tayar musu da hankali, ta janye 'yarta. Macen da ake kafa misalin haƙuri da ita, farkon abin da mai kallo ya gani a gare ta faɗa ne.

Ae-sun ta taso da kaifin ƙwaƙwalwa da burin zama marubuciyar waƙa, duniya kuwa ta riƙa yanke mata hanya ɗaya bayan ɗaya. Ta fi kowa ƙuri'a a zaɓen shugaban aji, aka ba ɗan babban mutum, aka ce ta yi mataimakiya. Ta yi renon 'ya'yan mijin uwarta, ta sayar da kabeji a kasuwa. Da ta gudu Busan tare da saurayinta Gwan-sik aka dawo da su, ita aka kora daga makaranta, shi kuwa aka dakatar da shi na ɗan lokaci. A gidan miji maza ke cin abinci a teburinsu, mata a gefe, kakar mijin tana jifanta da wake saboda ba ta haifi namiji ba. Ae-sun ta shanye duk wannan, kuma a nan ne masu wa'azi ke tsayar da labarin. Sai dai labarin bai tsaya ba. Ranar da surukai suka shirya kayan addu'arsu don a sa ƙaramar 'yarta Geum-myeong a sana'ar nutso, Ae-sun ta kifar da teburin gaba ɗaya a gaban manya. Ta dage sai yarinyar ta hau keke kamar 'ya'ya maza. Da suka samu jirgin kamun kifi nasu, ta hau da ita, alhali camfin garin ya hana mace taka jirgi. Ita kanta daga baya ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar masuntan ƙauyen.

Wato kowace uwa a wannan labari ta jure ne da sharaɗi guda, cewa juriyar za ta ƙare a kanta. Wurin da ya fi bayyana haka shi ne zaman da aka yi da iyayen saurayin Geum-myeong, masu kuɗin Seoul. Aka sa budurwar ta zuba wa kowa miya, ta yi ta kame-kame, uwar saurayin ta yi mata gori. Ae-sun ta miƙe ta karɓi ludayin, ta nuna cewa ita ce ba ta koya wa 'yarta wannan hidima ba, don ta fi ƙarfin haka a wurinta. Auren bai yiwu ba, kuma wasan bai ɗauki fasa shi a matsayin asara ba. Duk wanda ya kalli wannan ya fito yana cewa darasin shi ne 'yan mata su koyi haƙurin kakanninsu, to ya yi kuka ne idonsa a rufe. Kakannin da kansu sun ƙi.

Sai batun Gwan-sik, wanda ya fi kowa jawo hawaye. Yaron da ya bi yarinya guda tun yana ɗan shekara goma, ya yi tsalle daga jirgin ruwa ya yi iyo ya dawo gare ta, ya juya baya ga teburin maza ya ci abinci da matarsa da 'yarsa, ya kwashe iyalinsa daga gidan iyayensa da ya ga ana cutar da su. Ana ta cewa Allah ya ba kowace mace irinsa. Addu'a ce mai kyau, amma yana da muhimmanci a gane dalilin da ya sa ake yin ta: irinsa ba shi da yawa, kuma wasan ya san haka. Shi ya sa ya ajiye Bu Sang-gil a kusa, mai jirgin da ya kusa auren Ae-sun, mai tsawa da wulaƙanta iyali. Matar da ta faɗa gidansa ta yi shekaru tana irin haƙurin da ake yabo, ba ta samu komai a ciki ba sai tsufa, har daga ƙarshe ta nemi rabuwa. Ita ce ma'aunin zamanin. Tsakanin rayuwarta da ta Ae-sun babu wata doka ko hukuma da ta raba, sa'ar miji ce kawai. Tsarin da dokar Koriya ta tanada a lokacin, na rajistar iyali ƙarƙashin namiji shugaban gida, bai faɗi ba sai da Kotun Tsarin Mulki ta yanke hukunci a kansa a 2005, ya daina aiki a farkon 2008. Fifita ɗa namiji kuwa ya kai matsayin da a 1990 ana haifar maza sama da 116 a kan kowace mace 100, saboda zubar da cikin 'ya'ya mata. Wannan ita ce duniyar da ake kewa.

Shi ma Gwan-sik ɗin, a duba abin da ya samu. Ya yi aikin teku har jikinsa ya lalace. Shi da matarsa suka binne ƙaramin ɗansu da teku ta ci a ranar guguwa. Suka sayar da gida don Geum-myeong ta je karatu Japan. Da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe a 1997, har Koriya ta miƙa wuya ga Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ɗansu ya faɗa cikin rikicin kuɗi, uban ya sayar da jirgin da ya ci da iyalin shekara da shekaru. Cutar sankarar jini ta ɗauke shi tun bai kai sittin ba. Mai kallo yana kuka saboda mutumin bai taɓa ƙorafi ba. Amma rashin ƙorafin mutum bai wanke wanda ya ɗora masa kayan ba.

A nan ne ya kamata a ɗaga ido daga fuskar talabijin a dubi ƙasar. A 1960 abin da ɗan Koriya ta Kudu ke samu a shekara, a matsakaici, bai kai dala 200 ba. Yau ya haura dala dubu 30. Babu mai musun cewa tsarar Ae-sun da Gwan-sik ce ta ɗauki ƙasar a ka ta kai ta nan. Sai dai yadda aka yi ginin shi ne gwamnati ta zuba ƙarfinta a masana'antu, ta bar wa gida nauyin karatu da jinya da tsufa. Tsarin fansho na ƙasa bai fara ba sai 1988, bai kai ga manoma da masunta ba sai 1995, bai game kowa ba sai 1999. Masunci irin Gwan-sik yana da kusan shekara 45 kafin a buɗe masa ƙofar, ya riga ya zuba duk abin da ya tara a kan 'ya'ya. Alkawarin da ba a rubuta ba shi ne 'ya'yan za su rama. Amma 'ya'yan sun koma birane, suna fama da kuɗin gida da na makarantar nasu 'ya'yan. Binciken hukumar ƙididdiga ta ƙasar ya nuna cewa a 2002 kusan kashi 70 cikin ɗari na mutane suna ganin kula da iyaye nauyin iyali ne, cikin shekara ashirin adadin ya faɗo ƙasa da kashi 30.

Sakamakon yana kan titi. Kusan kashi 40 cikin ɗari na tsofaffin Koriya ta Kudu suna cikin talauci bisa ma'aunin kuɗin shiga, adadin da ya fi na kowace ƙasa a ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu arziki. A lungunan Seoul, ƙasar Samsung da Hyundai, ana ganin dattawa masu lanƙwasasshen baya suna tura kura cike da kwalaye, suna kai wa masu sayen bola don 'yan kuɗin abinci. Tallafin tsufa da gwamnati ke ba kashi 70 na masu ƙaramin ƙarfi bai kai dala 300 a wata ba. Kashe kai a tsakanin tsofaffi ya yi yawan da ya zama abin kunyar ƙasa. A watan Disamba na 2024, wata uku kafin fitowar wasan, waɗanda suka kai shekara 65 suka cika kashi ɗaya cikin biyar na al'umma. Waɗannan su ne sa'o'in Ae-sun na zahiri. An ce musu sannu da aiki, ana kuma maƙala musu fure a ƙirji kowace 8 ga Mayu, ranar iyaye. Idan ɗayansu ya ce ma'anar Seoul ce ta fi dacewa da shi, wa zai ƙaryata shi?

Kukan kurciya jawabi ne. Hawayen da 'yan shekara talatin da arba'in suka zubar a gaban wannan wasa akwai ƙauna a cikinsu, amma akwai nauyin bashi. Geum-myeong, wadda muryarta ke ba da labarin, ta fi kowa kama da mai kallo: ta ci gajiyar komai, ta shiga Jami'ar Ƙasa ta Seoul, kuma ita ce ke yi wa iyayenta tsawa a waya, ta ajiye ta fashe da kuka. Fushinta na wanda aka yi wa alherin da ya fi ƙarfin biyansa ne. Wasan ya kama wannan hali da gaskiyar da ba kasafai ake samu ba, kuma a nan ƙarfinsa yake. To amma me ake yi da nauyin bayan an share ido? Kiran waya abu ne mai kyau, uwa za ta ji daɗi, ɗa zai samu sauƙi. Matsalar ita ce sauƙin yana zuwa da wuri. Tambayar da ta shafi majalisa da kasafin kuɗi da dokar ƙwadago sai ta narke ta koma tsakanin ɗa da mahaifi, kowa ya ɗauka laifinsa ne shi kaɗai. Babu abin da ya fi wa hukuma daɗi kamar al'ummar da ke jin kunyar kanta a kan abin da ya kamata ta tuhumi masu mulki.

Akwai kuma amsar da matan Koriya suka riga suka bayar, ba da baki ba. A 1960 mace tana haihuwar 'ya'ya kusan shida a matsakaici. A 2023 adadin ya sauka zuwa 0.72, mafi ƙanƙanta a duniya, a 2024 ya ɗan motsa zuwa 0.75. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: tsadar gida, dogayen sa'o'in aiki, tazarar albashi tsakanin maza da mata da ta kai kusan kashi 30 cikin ɗari kuma ta fi ta kowace ƙasar OECD, da gasar karatu da ta sa iyaye suka kashe sama da won tiriliyan 29 a kan darussan bayan makaranta a 2024 kaɗai. Matan da suka fi kowa kuka a kan Ae-sun su ne dai waɗanda suka duba rayuwarta suka ce ba da su ba. Masu wa'azi suna kiran wannan son kai. Amma idan uwa ta kwashe shekara talatin tana gaya wa 'yarta kada ta yi irin rayuwarta, 'yar kuma ta ji, sunan abin biyayya. Mai son a koma haihuwa sai ya rage farashin zama uwa, don yabon waɗanda suka biya tsohon farashin ba zai dawo da kowa ba.

Wasan kansa ba zai fita salin-alin ba, yana da hannu a cikin ruɗin. Bayan ya nuna wahala da idon basira, sai ya biya kowa ladansa kafin a rufe labule. Gidan abincin da iyalin suka buɗe ya karɓu, Geum-myeong ta kafa kamfanin koyarwa ta intanet ta yi arziki, Ae-sun ta ga littafin waƙoƙinta a hannu a kwanakin tsufa. Mahaƙurci mawadaci, in ji masu iya magana, kuma mai kallo yana son a tabbatar masa da haka. Sai dai alƙaluman da aka ambata a sama sun nuna cewa ga miliyoyin mahaƙurta wadatar ba ta zo ba. 'Yar da ta ci jarrabawa ta ceci gida labari ne na gaske, amma na 'yan ƙalilan ne, kuma gasar neman zama cikin 'yan ƙalilan ɗin ita ce ke cinye iyalan yau.

Akwai wani shirun da ya fi wannan nauyi. Daga 3 ga Afrilun 1948 har zuwa 1954 an yi kisan gilla a Jeju, lokacin da sojoji da 'yan sanda da 'yan bangar gwamnati suka murƙushe tawaye ta hanyar ƙone ƙauyuka. Rahoton da gwamnati ta fitar a 2003 ya ƙiyasta mamata tsakanin dubu 25 da dubu 30, wajen kashi ɗaya cikin goma na mutanen tsibirin, kuma a shekarar Shugaba Roh Moo-hyun ya nemi gafara da sunan ƙasa. Duk wata 'yar asalin tsibirin da ta kai shekara talatin a 1960 ta ga abin da idonta, da yawa kuma a nan suka rasa maza da 'yan'uwa. Wasan da ke ba da tarihin matan Jeju na rabin ƙarni bai tsaya a kan wannan ba. Ana iya kare shi da cewa mutanen lokacin ma ba su iya magana, tunda marubuci Hyun Ki-young ya sha azaba a hannun hukuma saboda labarin da ya wallafa a kan kisan a 1978. Hujjar tana da ƙarfi, amma ba ta isa ba. Idan aka cire hannun gwamnati daga wahalar mutane, abin da ya rage shi ne teku da guguwa da ƙaddara, waɗanda ba a kai su kotu. Baƙin cikin ya zama mai tsabta, mai sauƙin sayarwa a kowace ƙasa.

Duk wannan ba goyon baya ba ne ga masu yi wa wasan dariya suna cewa kukan mata ne. Su ma ba su kalla da kyau ba. Aikin da ya sa ɗan birni ya ga tafin hannun ubansa a karon farko ya yi abin da rahoton OECD ba zai taɓa yi ba, kuma Yeom Hye-ran, wadda ta fito a matsayin Gwang-rye, ta cancanci kambun da ta karɓa ko da a kan kashin farko kaɗai. Hawayen na gaske ne. Gardamar a kan abin da suke nufi take, da kuma wanda ke cin riba idan aka fassara su da “a ƙara haƙuri”.

Masu nutson Jeju sun riga sun yanke nasu hukuncin. A shekarun 1960 sun haura dubu 20. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya al'adarsu cikin kayan gadon bil'adama, bayan an riga an gina musu gidan tarihi, masu yawon buɗe ido suna zuwa ɗaukar hotonsu da sauraron fiton da suke yi idan sun taso daga ruwa suna fitar da numfashi. Yau waɗanda ke shiga teku ba su kai dubu huɗu ba, mafi yawansu sun haura shekara sittin. Ɗumamar ruwa da raguwar abin kamawa suna cikin dalilan, haka ma gonakin lemo da otal-otal da suka buɗe wasu hanyoyin samu. Amma babban dalilin shi ne wanda ke cikin kashin farko na wasan: da kuɗin katantanwar suka biya wa 'ya'yansu mata makaranta, don kada ko ɗaya ta gaje su.